Imel

Imel, wanda ake kuma kira wasiƙar intanet, hanya ce ta aika rubutaccen saƙo daga wata na'ura zuwa wata ta hanyar sadarwar kwamfutoci. Mai aikawa yakan rubuta saƙonsa a kwamfuta ko wayar hannu, ya sa adireshin wanda zai karɓa, sai saƙon ya bi ta wasu manyan kwamfutoci har ya isa akwatin mai shi, ya zauna can yana jiran a buɗe shi. Ba sai su biyun sun kasance a kan intanet a lokaci guda ba. Ana iya haɗa saƙon da hoto, sauti, bidiyo ko wata takarda.

Abin da ya bambanta imel da manhajojin hira irin su WhatsApp shi ne ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Mai adireshi a Gmail yana iya rubuta wa mai adireshi a Yahoo ko a wata jami'a, domin dukkansu suna bin ƙa'idoji iri ɗaya da aka wallafa a fili, kuma kowa na da damar yin aiki da su. A tsarin waɗannan ƙa'idoji, aika saƙo aiki ne daban, karanta shi kuma aiki ne daban, kowanne da ƙa'idarsa.

Tarihi

Imel ya girmi intanet. A shekarun 1960 kwamfuta babba ce kuma mai tsada, mutane da yawa ne ke aiki da guda ɗaya, kowa da sunan shigarsa. A shekarar 1965, a jami'ar MIT da ke Amurka, Tom Van Vleck da Noel Morris suka rubuta wata manhaja da ke ba masu aiki da kwamfutar damar bar wa juna saƙo. Sai dai saƙon ba ya fita daga wannan kwamfuta ɗin.

A shekarar 1969 aka kafa ARPANET, hanyar sadarwa da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta domin haɗa kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike. A 1971 injiniya Ray Tomlinson na kamfanin BBN, a birnin Cambridge na jihar Massachusetts, ya haɗa manhajar barin saƙo da wata manhajar tura fayil, ya aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu da ke ajiye kusa da juna amma ARPANET ce ta haɗa su. Shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa, saboda ba a samun alamar a cikin sunayen mutane, kuma a Turanci ana karanta ta da kalmar da ke nufin "a wurin". Daga baya Tomlinson ya ce ba ya tuna abin da ya rubuta a saƙonnin farko, domin na gwaji ne kawai. Ya rasu a 2016.

Cikin 'yan shekaru imel ya zama aikin da aka fi yi a ARPANET. A ranar 26 ga Maris 1976 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta aika saƙo ta wannan hanya daga wata cibiyar binciken soja da ke Malvern. A watan Agusta 1982 aka wallafa takardu biyu da har yau su ne tushen imel: Jon Postel ya rubuta ƙa'idar aikawa mai suna SMTP, David Crocker kuma ya rubuta wadda ta fayyace siffar saƙon kansa. An sabunta su a 2001, aka sake sabunta su a 2008.

Imel ya shiga hannun jama'a sosai ne bayan da aka fara bayar da shi kyauta ta shafukan intanet. Sabeer Bhatia da Jack Smith sun buɗe Hotmail a ranar 4 ga Yuli 1996, kamfanin Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997. Yahoo Mail ya fito a watan Oktoban 1997. Google ya fito da Gmail a ranar 1 ga Afrilu 2004 da wurin ajiya na gigabait 1, a lokacin da sauran ke bayar da 'yan megabait kaɗan.

Adireshi

Adireshin imel kashi biyu ne, alamar @ ce ke raba su. A adireshi irin amina@example.com, abin da ke gefen hagu sunan akwatin ne, abin da ke gefen dama kuma sunan yanki ne, wato sunan gidan da ke riƙe da akwatin. Sunan akwati ba ya wuce haruffa 64, kuma ba a barin fili a tsakiyarsa. Ƙarshen sunan yanki yakan nuna ƙasa ko irin aikin mai shi: .ng na Najeriya ne, .ne na Nijar, .gh na Gana, .com kuma an fi saninsa da kamfanoni.

Sauran kwamfutocin duniya gefen dama kawai suke dubawa don sanin inda za su kai saƙo. Gefen hagu sha'anin gidan da ke karɓa ne, shi yake da ikon fassara shi yadda ya ga dama. Misali, Gmail ba ya la'akari da ɗigon da ke cikin sunan akwati, don haka suna mai ɗigo da marar ɗigo akwati ɗaya suke shiga, alhali a wasu gidajen akwatuna biyu ne daban.

Sassan saƙo

Kowane saƙo yana da kai da gangar jiki. Kan saƙon shi ne layukan bayani da ke sama: sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, kwanan wata da batun saƙon. Gangar jikin kuma ita ce rubutun da aka aika.

Wuraren sa adireshin masu karɓa uku ne. Na farko na wanda aka yi saƙon dominsa ne. Na biyu, Cc, na waɗanda ake so su ga kwafi ne, kuma sunan ya samo asali daga takardar kabon da ake sa wa a tsakanin takardu a zamanin tafireta. Na uku, Bcc, shi ma kwafi ne, amma sauran masu karɓa ba sa ganin adireshin da aka sa a wurin. Da shi ake amfani idan za a aika sanarwa ga mutane da yawa da ba su san juna ba, don kada a tona adireshinsu ga kowa.

Akwai wasu layuka a kan saƙon da manhaja ke ɓoyewa sai an nemi gani. Ɗaya yana ɗauke da lambar shaida da babu wani saƙo a duniya da ke da irinta. Haka kuma kowace kwamfuta da saƙon ya ratsa takan ƙara layi ɗaya a sama mai nuna sunanta da lokacin da ta karɓe shi, kamar yadda gidan waya ke buga hatimi a ambulan. Idan aka bi waɗannan layuka daga ƙasa zuwa sama ana iya gano hanyar da saƙo ya biyo.

Yadda ake aika saƙo

Idan mutum ya danna maɓallin aikawa, saƙonsa ba ya tafiya kai tsaye zuwa wayar mai karɓa. Yakan fara zuwa wata babbar kwamfuta ta gidan da ya ba shi adireshi, wadda ake kira uwar garke. Ita uwar garke kullum a kunne take, kuma sai ta tabbatar da sunan mutum da kalmar sirrinsa kafin ta karɓi saƙonsa.

Daga nan sai ta duba sunan yankin mai karɓa, ta tambayi DNS, wato kundin sunayen intanet, wace kwamfuta ce ke karɓar wasiƙu a madadin wannan yanki. Amsar tana cikin wani bayani da ake kira MX. Sau da yawa yanki ɗaya yakan rubuta kwamfutoci biyu ko fiye bisa jerin fifiko, ta yadda idan ta farko ta samu matsala sai a nufi ta biyu.

Kwamfutocin biyu suna magana da juna da ƙa'idar SMTP. Mai aikawa takan gabatar da kanta da kalmar EHLO, ta faɗi adireshin da saƙon ya fito da umarnin MAIL FROM, ta faɗi inda za shi da RCPT TO, sannan ta ce DATA ta zuba saƙon, ta rufe shi da layi mai ɗigo ɗaya tak. Kowane mataki mai karɓa takan amsa da lamba mai alƙaluma uku. Lamba 250 na nufin an karɓa. Lambar da ta fara da 4 na nufin matsala ce ta ɗan lokaci, a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 na nufin an ƙi saƙon gaba ɗaya, kamar 550 da ake yawan gani idan babu akwati mai wannan suna.

Idan matsalar ta ɗan lokaci ce, uwar garke takan ajiye saƙon a layi ta riƙa sake gwadawa. Ƙa'idar ta ba da shawarar a ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin a haƙura. Bayan haka sai a dawo wa mai aikawa da sanarwar cewa saƙonsa bai isa ba, tare da dalili. Wannan ne ya sa wani lokaci saƙo ke isa cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci kuma sai bayan sa'o'i.

Kowane aiki a uwar garke yana da lambar ƙofarsa. Kwamfutocin da ke miƙa wa juna wasiƙu suna amfani da ƙofa ta 25. Manhajar mutum kuwa takan miƙa saƙonsa ta ƙofa ta 587 ko ta 465. Waɗannan su ne lambobin da ake tambayar mutum idan yana saita manhajar imel da hannunsa.

Hanyoyin karanta saƙo

Aikin SMTP yana ƙarewa ne da zarar saƙo ya shiga akwatin mai shi a uwar garke. Ɗauko shi don karantawa yana da hanyoyi da dama, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne inda ainihin saƙon yake zama.

POP. Wannan ita ce hanya mafi daɗewa. Joyce Reynolds ce ta wallafa ta a 1984, kuma ta uku a jerinta, POP3, ta fito a 1988. Manhajar mutum takan shiga uwar garke, ta kwaso dukkan sababbin saƙonni zuwa cikin kwamfutarsa, sannan bisa al'ada ta goge su daga can. Ta dace da zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho ana biya da minti, domin mutum yakan kwashi wasiƙunsa ya katse layin ya karanta a natse. Illarta ita ce saƙonnin suna zama a na'ura ɗaya. Idan ta lalace ko aka sace ta, sun tafi ke nan, sai fa in an saita manhajar ta riƙa barin kwafi a uwar garke. Tana aiki ta ƙofa ta 110, ko ta 995 idan an kulle hanyar.

IMAP. Mark Crispin ne ya ƙirƙiro ta a jami'ar Stanford a 1986. A nan saƙonni suna zama a uwar garke, manhaja tana nuna wa mutum abin da ke can ne kawai. Idan ya buɗe saƙo a waya, zai tarar a kwamfuta ma an nuna an karanta shi. Idan ya goge shi a wuri ɗaya, ya gogu a ko'ina. Tana kuma iya sauko da kan saƙo kawai ta bar manyan fayiloli sai an nema, abin da ke rage cin data. Saboda mutane da yawa a yau suna da na'ura fiye da ɗaya, IMAP ta fi POP karɓuwa. Ƙofofinta su ne 143 da 993.

Ta burauza. Mutum yakan buɗe shafin gidan imel ɗinsa a burauza irin su Chrome ko Firefox, ya sa adireshi da kalmar sirri, ya karanta ya kuma rubuta a nan. Ba ya bukatar saka wata manhaja ko saita komai, kuma yana iya shiga daga kowace kwamfuta. Wannan hanya ce ta sa mutanen da ba su mallaki kwamfuta ba suka samu damar yin imel a shagunan intanet. Haɗarinta shi ne mantawa a fita daga akwati bayan an gama aiki a kwamfutar da ba ta mutum ba.

Ta manhaja. Akwai manhajojin kwamfuta da aka yi musamman don imel, kamar Eudora da ta fito a 1988 wadda daga baya aka daina yin ta, da Outlook na Microsoft, da Thunderbird na Mozilla da ya fito a 2004. Suna iya tara akwatuna da yawa wuri ɗaya, kuma ana karanta abin da aka riga aka sauke ko da babu intanet. A wayar hannu, BlackBerry ya yi suna tun daga 1999 da tsarin da ke turo saƙo nan take da ya iso, ba sai mutum ya je dubawa ba. Yanzu manhajojin imel na wayoyin Android da iPhone duk suna yin haka.

Amsawa da turawa

Mai karɓar saƙo yana da zaɓi uku. Yana iya amsa wa mai aikawa shi kaɗai, ko ya amsa wa duk wanda sunansa ke cikin saƙon, ko ya tura saƙon ga wani daban. Amsa wa kowa shi ne ya fi jawo matsala, domin maganar da aka yi niyyar mutum ɗaya ya ji takan isa ga mutane da yawa, kuma idan ta tafi ba ta dawowa. Damar fasa aikawa da Gmail ke bayarwa jinkiri ne kawai da bai wuce daƙiƙa 30 ba kafin saƙon ya fita.

Idan aka amsa saƙo, manhaja takan sa Re: a gaban batun, ta kuma rubuta lambar shaidar saƙon asali a cikin kan amsar. Da wannan lamba manhajoji ke jera saƙo da amsoshinsa wuri ɗaya kamar hira. Shi ya sa idan mutum zai fara sabon zance ya fi kyau ya buɗe sabon saƙo. In ya danna amsa a kan tsohon saƙo ya canza batun kawai, saƙonsa zai iya maƙalewa a ƙarƙashin tsohuwar hirar.

Salon rubuta amsa iri biyu ne. Wasu sukan rubuta amsarsu a sama su bar tsohon saƙon gaba ɗaya a ƙasa, kuma haka aka fi yi a ofisoshi. Wasu kuma sukan yanko jimlolin da suke son amsawa, kowace da alamar > a gabanta, su sa amsar a ƙarƙashin kowace. Salo na biyu ya fi sauƙin bi idan tambayoyin suna da yawa.

Haruffa da fayiloli

An gina imel na farko ne a kan tsarin ASCII, mai alamomi 128 kacal, waɗanda suka ƙunshi haruffan Turanci da alƙaluma da alamomin rubutu. Babu haruffan Larabci a ciki, babu kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Hoto ko sauti ma ba su da hanyar shiga.

A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME. Shi ne ya ba da damar a raba saƙo gida-gida, kowane gida da bayanin abin da ke cikinsa, ko rubutu ne ko hoto ko takarda, da kuma tsarin haruffan da aka yi amfani da shi. Da MIME da tsarin haruffa na UTF-8 ake iya rubuta imel da cikakkiyar Hausar boko ko da ajami. Idan manhajar mai karɓa ta kasa gane tsarin da aka bi, sai a ga wasu baƙin alamomi ko alamar tambaya a madadin haruffa masu lanƙwasa.

Kafin fayil ya shiga saƙo sai an mayar da shi jerin haruffa, kuma hakan na ƙara masa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gidajen imel suna sa iyaka ga girman abin da za a maƙala. A Gmail iyakar aikawa megabait 25 ce, abin da ya wuce haka sai a ɗora shi a Google Drive a aika da mahaɗinsa.

Tsaro

An tsara SMTP a lokacin da masu amfani da ita kaɗan ne kuma sun yarda da juna, don haka ba ta bincika ko sunan mai aikawa na gaskiya ne. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin, kamar yadda ake iya rubuta sunan ƙarya a bayan ambulan. Daga wannan gibi matsaloli da yawa suka samo asali.

Saƙon talla na farko da ba a nema ba, Gary Thuerk na kamfanin DEC ne ya aika shi ga kusan mutum 400 a ARPANET a ranar 3 ga Mayu 1978. Daga baya irin waɗannan tarkacen saƙonni suka yawaita har gidajen imel suka ware musu akwati na daban, Amurka kuma ta yi doka a kansu a 2003. Akwai kuma saƙonnin damfara da ke zuwa da sunan banki ko hukuma suna neman kalmar sirri ko lambar kati. Wani nau'in damfarar, wanda ake yi wa mutum alkawarin dukiya idan ya fara biyan wani kuɗi, an fi saninsa da 419, lambar sashen dokar manyan laifuka ta Najeriya da ya yi magana kan zamba. Ta fayilolin da aka maƙala kuma ake yaɗa cutar kwamfuta, kamar ILOVEYOU da ta taso daga Filifin a watan Mayun 2000 ta kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki.

Don toshe gibin an ƙara wasu tsare-tsare. SPF yana ba mai yanki damar bayyana kwamfutocin da ya yarje wa aika saƙo da sunansa. DKIM yana sa wa saƙo sa-hannun lantarki da za a iya tantancewa. DMARC kuma yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje. Yawancin manyan gidajen imel suna kulle hanyar da saƙo ke bi da tsarin TLS don kada a karanta shi a hanya, amma wannan bai hana gidan da ke ajiye da saƙon iya ganinsa ba. Wanda ke son mai karɓa kaɗai ya iya buɗe saƙo yakan yi amfani da tsari irin PGP, wanda Phil Zimmermann ya fitar a 1991.

A ɓangaren mai akwati, matakan da aka fi ba da shawara su ne kalmar sirri mai tsawo da ba a amfani da ita a wani wuri, da kunna tantancewa mai mataki biyu, da duba cikakken adireshin mai aikawa kafin a danna mahaɗi ko a buɗe fayil.

Amfani a yau

Manhajojin hira sun karɓe yawancin gaishe-gaishe da zantukan yau da kullum, amma imel ya ci gaba da zama hanyar wasiƙun aiki: neman aiki, neman gurbin karatu da tallafinsa, sanarwar banki, rasit da tikitin jirgi. Dalili shi ne saƙon yana ɗauke da kwanan wata, yana daɗewa a ajiye, kuma ana iya nemo shi bayan shekaru.

Adireshin imel ya kuma zama tamkar katin shaida a intanet. Da shi ake buɗe asusu a shafuka da yawa, da asusun Google ake sauke manhajoji daga Play Store a wayoyin Android, kuma hukumomi irin su JAMB a Najeriya suna neman adireshin imel wajen rajista. Idan mutum ya manta kalmar sirrin wani shafi, akwatin imel ɗinsa ake aika wa hanyar sauya ta. Saboda haka duk wanda ya samu shiga akwatin wani yana iya ƙwace sauran asusunsa da ke haɗe da wannan adireshi.